Mai Buga Takardu Ta Koma Aji

Yayata ta kusa shekara ashirin tana buga wa ɗaliban kwalejin horar da malamai takardu kafin ta tsallaka titi ta shiga kwalejin da sunan ɗaliba. Shagon da take aiki yana kallon ƙofar kwalejin, tsakanin mai gyaran takalmi da mai sayar da katin waya. Ɗan ɗaki ne mai teburi uku, da injin ɗaukar hoton takardu wanda idan ya yi zafi sai an kashe shi an yi masa fifita da kwali, da fanka guda da ta daina juya kai, ta kafe a saitin mai shagon. Kujerar Yaya tana can ciki, fuskarta na kallon bango. Duk wanda ya shigo, bayanta yake fara gani.

Ita ce babba a gidanmu, ni ce auta. Lokacin da mahaifinmu ya rasu ta gama sakandare ke nan, ni kuwa ko firamare ban shiga ba. Babu wanda ya ce mata ta haƙura da karatu, ita ta dubi gidan ta ga abin da ya kamata. Ta koyi buga tafireta a wurin wani tsohon akawu, da kwamfuta ta zo ta koma kanta. Da wannan hannun nata aka yi mini makaranta, da shi aka saya mini keken ɗinkin da nake cin abinci da shi har yau.

Ɗalibai Anti Mai Taifin suke ce mata. Suna son ta saboda sauri, kuma babu rubutun da ba ta iya karantawa, ko da ya yi kama da inda kaza ta yi tono. Idonta a kan takarda, yatsunta na tafiya, ba ta kallon madannai. Kundin bincike, tsarin darasi, jingar da malamai ke bayarwa, duk sun bi ta hannunta, kuma duk da Turanci. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, har ta kai idan ɗalibi ya manta harafi a kalma, yatsunta kan cike masa ba tare da ta ankara ba. Mu a gida mun ɗauka babu Turancin da Yaya ba ta ji. Ita ma haka ta ɗauka.

Sannu a hankali aikin ya fara ja baya. Ɗalibai suka riƙa zuwa da rubutunsu a waya, an riga an buga, fitarwa kawai suke so a yi musu. Mai shagon ya ɗauke teburi ɗaya ya kafa kanta ta sayar da caja da rigar waya. Ga wuyan hannunta na dama da ya fara ciwo, har takan ɗaure shi da bandeji kafin ta fita. Amma ba waɗannan ne suka tashe ta daga kujerar ba. 'Yarta ce.

Babbar 'yarta Likita muke ce mata, tun tana ƙarama, saboda son ɗaure wa 'yar tsana ƙafa. A lokacin tana aji biyu na sakandare. Wata rana da yamma ta dawo da aikin gida, labari ne na Turanci da tambayoyi a ƙasansa. Ta same mu a tsakar gida ina yi wa Yaya awon riga, ta miƙa mata littafin.

"Umma, me wannan kalmar take nufi?"

Yaya ta duba ta ce, "Na san ta. Ai na sha buga ta."

"To me take nufi?"

Yaya ta ƙura wa littafin ido. Ta sake karanta jimlar daga farko, leɓenta na motsi. Can ta ce, "Ɗauko ƙamus." Likita ta ce wata ƙawarta ta ara, ta karɓi littafinta ta shige ɗaki, ba da wata manufa ba. Ni na ci gaba da awo, amma na ga yadda Yaya ta tsaya ƙiƙam, hannuwanta a buɗe, ta manta ba ta sauke su ba.

Bayan 'yan kwanaki ta zo shagona ta zauna a kan bencin masu jiran ɗinki. Ta ce, "Auta, ashe ni ɗan dako ce. Shekara da shekaru ina ɗaukar kayan mutane a ka, ban taɓa buɗe buhun na ga abin da ke ciki ba." Sannan ta gaya mini kwalejin na da shiri na ƙarshen mako don ma'aikata masu son zama malaman sakandare, ita da kanta ta buga musu sanarwar, kuma ta yanke shawarar nema. Turanci za ta karanta.

Innarmu ce ta fara nuna damuwa. Ta ce, "Yanzu da girmanki za ki je ki haɗa benci da 'ya'yan cikinki?" Mijin Yaya kuwa, wanda ke gyaran wutar mota, kowa Injiniya yake ce masa, dariya ya yi. Ya ce, "Inna, an ce gemu ba ya hana ilimi, balle ita da ba ta da ko ƙwara ɗaya." Inna ta ce masa Allah ya shirye shi, amma daga nan ba ta sake tayar da zancen ba.

Aka ɗauke ta. Daga Litinin zuwa Juma'a tana shago, Asabar da Lahadi tana aji. Darussan shekarar farko suna da yawa: nahawu, rubutun insha'i, adabi, tarihin ilimi, halayyar yara masu tasowa, sai kuma darasin furuci da magana. Na rubutu duk ba su ba ta wahala sosai ba, sai dai ta ce yanzu ne take gane abin da ta daɗe tana bugawa. Takan dawo ta ce mini, "Kin san abin nan da suke ta rubutawa a babi na biyu? Ashe magana ce mai ma'ana." Darasin furuci ne ya zame mata dutse a hanya.

Ranar farko da malamin ya shigo, wani siriri mai tabarau, ya bi fuskokin aji da kallo har ya zo kanta, sai ya tsaya. Ya ce, "Anti, ke ce?" Ashe shekarun baya, lokacin yana ɗalibi, ita ta buga masa kundinsa na gamawa. Ta ce ta tuna shi, yaro ne mai yawan sauya ra'ayi, sai an gama shafi ya ce a sake. Ya gaisa da ita cikin ladabi a gaban aji, sannan ya raba takardu ya ce kowa zai tashi ya karanta sakin layi ɗaya da ƙarfi.

Da aka zo kanta ta miƙe ba tare da fargaba ba, don babu kalmar da ba ta sani ba a takardar. Ta fara. Turanci yana da haruffan da ake rubutawa amma ba a furta su, ita kuwa Yaya ba ta taɓa jin yawancin kalmomin nan a bakin kowa ba, a takarda kawai ta san su. Don haka kowane harafi sai da ta ba shi haƙƙinsa. Kalmar wuƙa, wadda ake fara rubuta ta da harafin da ba a faɗa, ta faɗe shi ƙarara. Kalmar tsibiri ma haka. Da ta zo kan sunan ranar Laraba ta raba shi gida uku, sai wani a baya ya kasa riƙe dariya, daga nan ajin ya ɗauka. Malamin ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya ce ta ƙarasa. Ta ƙarasa, muryarta na ƙara yin ƙasa, ta zauna.

Bayan an tashi ya tsayar da ita a baranda. Ya ce, "Anti, kada dariyar nan ta dame ki, rabinsu ba za su iya rubuta abin da suka karanta ba. Matsalarki ɗaya ce. Idonki da hannunki sun yi makaranta, kunnenki da harshenki kin bar su a gida. Sai kin je kin ɗauko su."

A ajin akwai wata yarinya da ake kira Rediyo, don bakinta ba ya hutawa. Ba ta wuce shekara ashirin ba. Turancinta na baki kamar ruwa, a fina-finai ta koya, amma idan ta yi rubutu sai malami ya ƙarar da jan biro a kai. Ita ta fara zuwa wurin Yaya. Ta ce, "Mama, mu yi musaya mana. Ki gyara mini hannu, in gyara miki baki." Haka suka ƙulla. Lokacin hutun rana sukan zauna a ƙarƙashin matakalar ɗakin karatu, Rediyo ta faɗi kalma Yaya ta maimaita, Yaya ta faɗi kalma Rediyo ta rubuta. Rediyo ce ta sa mata ƙamus mai magana a waya, ta nuna mata inda za ta danna ta ji yadda ake furta kowace kalma.

Duk da haka shekarar ba ta ishe ta ba. Jarrabawar furuci ta baki ce, a shiga ɗaya bayan ɗaya, a karanta, a amsa tambaya. Yaya ta ce da ta shiga ta ga malamai biyu a zaune suna kallon ta, sai harshenta ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse, duk abin da ta koya ya gudu. Da sakamako ya fito ta ci komai, insha'i ma ita ce kan gaba a ajinsu, amma ta faɗi furuci. Dole sai ta maimaita shi tare da 'yan shekarar farko masu zuwa.

Ta je ofishin malamin. Ta gaya mini ba roƙo ta je yi ba, amma ita kanta ba ta san abin da ya kai ta ba. Ya miƙe ya ba ta kujera. Ta ce, "Malam, ko ɗan abin da zan tsallake da shi ban samu ba?"

Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce, "Anti, wallahi na daɗe ina juya takardarki. Kin kusa, amma ba ki kai ba. In na ɗaga ki yanzu, gobe za ki tsaya gaban yara, abin da kika faɗa shi za su ɗauka su tafi da shi. Kuma na san ki, ba kya sakin shafi da kuskure a ciki. Ko ni kin sha dawo mini da nawa."

Ta ce, "Haka ne." Ta yi masa sallama ta fito. Amma ranta ya ɓaci ƙwarai, ta ce mini yaron da ta taɓa ba shi aron biro ne yau yake gaya mata ba ta kai ba.

Da aka koma sabuwar shekara ba ta koma ba. Asabar ta farko ta ce hannunta ke ciwo. Ta biyu ta ce wanki ya taru. Rediyo ta yi ta kira ba ta ɗauka. Injiniya ba mai dogon zance ba ne in ba wasa ba. Asabar ta gaba da safe ya fito da babur ɗinsa ya tsayar a ƙofar gida, ya bar shi a kunne, ya shigo ya ɗauki jakar littattafanta ya rataya a wuya. Ya ce, "Maman Likita, mai yana ƙonewa."

Ta ce, "Ni fa na gama da wannan karatun."

Ya ce, "To zo ki raka ni, ni zan shiga ajin. In suka tambaye ni Turanci in ce musu batir ya mutu."

Likita da ƙannenta suka fashe da dariya. Yaya ta harare shi, sannan ta tashi ta ɗauki mayafinta.

Daga ranar ta canza salo. Ta sayi abin sawa a kunne, tana wanke-wanke tana sauraren labaran Turanci, tana maimaitawa a bayansu. Ta riƙa zuwa shagona da yamma idan ta tashi daga aiki, ta zauna a bayan labulen gwaji tana karatu da ƙarfi, ƙarar keke na rufe mata asiri. Wata rana wata mai kawo ɗinki ta tambaye ni a hankali ko baƙuwa na yi daga wata ƙasa. Takan karanta wa Inna ma, wadda ba ta jin ko kalma ɗaya. Inna ta saurara da kyau, ta gyaɗa kai, ta ce, "Yau kin fi kama da masu labarai na talabijin. Jiya kamar kina faɗa da mutum." Abin mamaki, Yaya ta ce sau da yawa Inna na da gaskiya, don ita sautin take ji, hawa da saukar murya, abin da malamin ke ta fama da su a kai.

A gida kuma aka kafa doka, bayan an ci abincin dare ranar Lahadi sai an yi hira da Turanci. Likita ce alƙali. Yarinyar ta samu abin da take so, tana gyara wa uwarta magana ba mai ce mata ta yi rashin kunya. Injiniya yakan zauna ya jefa kalma ɗaya da ya sani daga jikin akwatin kayan gyara, a yi ta dariya. A ƙarshen shekarar Yaya ta sake shiga jarrabawar. Ba ta yi fice ba, amma ta ci, kuma da guminta.

A shekarar ce kuma suka fara gwajin koyarwa a cikin aji, inda ɗalibi zai tsaya gaban 'yan'uwansa ya koyar da su kamar yara, malamar dabarun koyarwa tana zaune a baya. Wannan malama dattijuwa ce, ta daɗe tana koyarwa a sakandare kafin ta dawo kwaleji, ba ta da yawan murmushi. Takan sa a ɗauki hoton bidiyon kowa da waya, sannan a kalla tare. Yaya ta shirya darasinta tsaf, ta cika allo da rubutu mai kyau kamar an buga da inji. Da aka kunna bidiyon sai ta ga abin da ba ta sani ba. Tun daga farko har ƙarshe bayanta kawai ake gani. Allo take yi wa bayani, allo take yi wa tambaya.

Malamar ta ce, "Allon ya gane darasin sosai. Saura yaran."

Yaya ta ce kunya ta kama ta fiye da ranar da aka yi mata dariya. Shekarun da ta yi tana kallon bango ne suka biyo ta har aji. Malamar ta ba ta shawara: ta rubuta kalma kaɗan, ta ajiye alli a teburi, ta taka zuwa tsakiyar aji kafin ta buɗe baki. Ta kuma ce ta riƙa zaɓar fuska uku, ɗaya a dama, ɗaya a hagu, ɗaya a can baya, tana yi musu magana bi da bi. A kanmu ta yi ta gwadawa. Ta jera ni da Likita da Inna a tsakar gida, ƙofar kicin ce allo.

Shekarar ƙarshe aka tura su koyarwa ta gwaji na zango guda a makarantu na gaske. Dole ta bar shagon, mai shagon ma bai yi wani jan magana ba, ya ce dama kantar waya na bukatar wuri. Ni na ɗinka mata kaya kala uku masu aljihu, don ta ce malami ba ya rabuwa da alli da jan biro. Makarantar da aka kai ta tana ƙarshen gari, inda motar haya ke juyawa. Aji ɗaya na babbar sakandare aka ba ta, yara sun haura sittin, uku uku a benci, wasu a kan taga.

Makon farko sun gwada ta. Wani ya riƙa kwaikwayon muryarta daga baya, wasu suka riƙa tambayarta ma'anar kalmomin da suka tsinto don su ga ko za ta kasa. Idan ta sani ta faɗa. Idan ba ta sani ba ta ce, "Ban sani ba, mu duba tare," ta fito da waya a danna kowa ya ji. Ta ce da farko sun ɗauka rauni ne, daga baya suka fara kawo kalmomin da gaske suke son sani. Abin da ta lura da shi kuma shi ne yawancinsu irinta ne, suna iya kwafe allo kaf, amma in aka ce su tashi su yi magana sai su sunkuyar da kai. Don haka ta hana dariya a ajinta idan wani na karatu. Ta gaya musu ita ma an taɓa yi mata, kuma bai ƙara mata komai ba sai ciwon kai.

Ba a sanar da ranar da mai duba aiki zai zo daga kwaleji. Ranar da aka zo duba Yaya, malamar dabarun koyarwa ce da kanta, kuma ta shigo ne tare da hadari. Yaya ta shirya darasin karatu da ƙarfi, abin da ta fi shan wahala a kansa, tana so ta nuna inda ta kai. Ta gaisa da yara, ta rubuta kan darasi, ta ajiye alli, ta taka tsakiyar aji. Tana buɗe baki ruwa ya sauko. Rufin ajin kwano ne ba silin, ƙarar ta cika ɗakin har mutum ba ya jin na kusa da shi. Ta ɗaga murya, ita kanta ba ta ji abin da ta faɗa ba. Yaran da ke kan taga suka dirgo ciki, wani ɓangaren rufin ya fara yoyo, aka shiga jan benci.

Ta ce ta tsaya tana kallon malamar a can baya, malamar na kallon ta, ba ta rubuta komai. Zuciyarta ta ce mata shi ke nan, ta sake faɗuwa. Sai ta ga ai yaran da ke benci ɗaya suna iya jin juna idan suka haɗa kai. Ta koma allo ta rubuta da manyan haruffa cewa kowane benci biyu su juyo su fuskanci juna, ɗaya ya karanta, sauran su bi da yatsa, in ya gama na gaba ya karɓa. Ta riƙa bi rukuni rukuni, tana durƙusawa ta sa kunnenta kusa da bakin mai karatu, ta gyara masa a kunne, ta wuce. Ba duka suka yi ba, wasu hira suka samu damar yi, rukuni biyu ma ba ta kai gare su ba har aka buga ƙararrawa. Amma ta ce ranar ta ji muryar wasu yaran da tun zuwanta ba su taɓa buɗe baki ba, don sun san ajin ba ya jin su.

Bayan darasin suka tsaya a baranda suna jiran ruwa ya tsagaita. Malamar ta ce, "Ba ki kammala abin da kika tsara ba, kuma kin bar na bayan nan suna wasa. Sai kin koyi ganin aji duka ko kina durƙushe." Yaya ta ce to. Malamar ta buɗe lema, har ta taka matakala, ta juyo ta ce, "Amma ba ki tsaya jiran ruwa ya ɗauke ba. Da yawa sukan tsaya." Makin da ta ba ta matsakaici ne. Yaya ta yi ta murna da shi kamar an ba ta kyautar mota.

Ta gama kwalejin tana da shekara arba'in da 'yan kai. Rediyo ma ta gama, har yau suna waya, tana can wata makaranta tana cika wa yara kunne. Malamin furuci ya zo ya taya Yaya murna ranar da aka ba su takardun shaida, ta ce masa ta yafe masa, ya ce shi bai san ya yi laifi ba, suka yi dariya. Aiki bai zo nan da nan ba. Ta yi kusan shekara tana koyar da yaran unguwa a gida da yamma, kafin makarantar nan ta ƙarshen gari ta neme ta, don shugaban makarantar bai manta da ita ba. Albashin ba wani mai yawa ba ne, kuma hanyar da nisa. Ciwon hannun bai rabu da ita ba, yanzu maki takan yi da shi har ya gaji.

A zangon da ya wuce ta kafa ƙungiyar muhawara a makarantar. Aka gayyace su gasa da wasu makarantu a tsakiyar gari, ba su da mota, sai Injiniya ya aro wata bas da ya gama yi wa gyara, ya ce gwajin hanya zai yi. Ni ma na bi su, don ni na ɗinka wa masu magana huɗun ɗamarar da suka rataya. Yaran Yaya ba su taɓa riƙe makirufo ba. Ta farkon da ta tashi, wata 'yar siririya, ta yi tuntuɓe a jimlar farko, ta tsaya, ta dubi Yaya. Yaya ba ta yi mata alamar komai ba, kallon ta kawai take yi. Yarinyar ta ja numfashi ta sake daga farko, ta kai har ƙarshe.

An fitar da su a zagaye na biyu. Makarantar da ta doke su ta fi su nesa ba kusa ba, babu wanda ya yi gardama. A hanyar dawowa na zaci za a yi jugum, sai ga yaran suna ta musu a kan wanda ya manta hujjarsa, rabi da Hausa rabi da Turanci, kowa na cewa da shi aka bari da an ga aiki. Yaya tana gaba kusa da mijinta, ta juyo tana sauraren su, can ta ce duk wanda ke da sauran magana ya adana ta, ranar Litinin za a sake muhawarar a aji, kuma waɗanda suka zauna a benci yau su ne za su tashi. Bas ɗin ta mutu mana sau ɗaya a kan gada, yaran suka sauka suka tura.